Sharhi kan zaman shawarar aure da muka yi ni da maiɗakina

Ni da maiɗakina mun yi watanni muna zuwa wurin wata ƙwararriyar mai ba ma'aurata shawara, wadda ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam kuma ta samu horo na musamman a kan rikicin aure, kuma ra'ayina shi ne zaman ya amfane mu ƙwarai, ko da yake ba irin amfanin da na yi tsammani muka samu ba. Abin da ya kai mu ba cin amana ba ne, ba kuma duka ba ne. Gardama ce iri ɗaya da take ta dawowa a kan kashe kuɗi da tarbiyyar yara da hidimar dangi, sai ta ƙare da gaba ta kwanaki, a gaisa sama-sama, kowa ya kama harkarsa, har gidan ya yi mana nauyi alhali babu wanda yake son rabuwa.

Tsarin zaman ba shi da wuyar fahimta. Da farko ta zauna da mu tare, ta tambayi tarihin aurenmu tun daga haɗuwa, sannan ta ga kowannenmu shi kaɗai, daga nan muka koma zama na kusan sa'a guda a kowane mako. Ta bayyana mana ƙa'idar riƙe sirri tun kafin mu buɗe baki, ta kuma ce ita ba alƙali ba ce, ba za ta faɗi mai gaskiya da marar gaskiya ba. Wannan bai yi mini daɗi ba a lokacin, domin kowannenmu ya je ne da hujjojinsa a shirye, yana jiran a gaya wa ɗayan cewa shi ne mai laifi.

Abin da ya fi komai amfani shi ne yadda ta nuna mana cewa faɗanmu yana da hanya guda da yake bi kullum, ko mene ne musabbabinsa. Idan maiɗakina ta ji an yi nisa da ita, sai ta matsa da magana da ƙorafi. Idan na ji ƙorafin, sai in yi shiru ko in fice don kada abin ya yi girma. Shirun nawa kuwa shi ne yake tabbatar mata cewa ban damu ba, sai ta ƙara matsawa, ni kuma in ƙara janyewa. Wannan fahimta tana cikin hanyar da Sue Johnson da Leslie Greenberg suka tsara a Kanada a shekarun 1980, wadda take duba abin da ke ƙarƙashin fushi, wato tsoron a yi watsi da mutum ko tsoron a ɗauke shi wanda ya gaza. Ranar da mai shawarar ta ce wa maiɗakina, "Ki gaya masa abin da kike tsoro, ki bar abin da ya yi tukuna," na ji daga bakin matata maganar da ban taɓa ji ba duk tsawon zamanmu, kuma ita ma ta ji dalilin shirun da take ɗauka raini ne.

Mai shawarar ta kuma yi amfani da binciken John Gottman, masanin da ya kafa ɗakin nazarin ma'aurata a Jami'ar Washington ta Amurka a 1986, inda ake kallon yadda miji da mata suke magana ana kuma auna bugun zuciyarsu. Ya ware ɗabi'u huɗu da suke cin aure: sukar halin mutum maimakon abin da ya aikata, raini, kare kai a kowace magana, da rufe baki a ƙi amsawa. Raini shi ne mafi haɗari a cikinsu, kuma ba sai da zagi yake zuwa ba, tsaki da harara da kwaikwayon muryar mutum duk suna ciki. Akwai kuma bayani na jiki da ya gamsar da ni: idan bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya ana cikin gardama, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, don haka ake so a tsaya na aƙalla minti 20, da sharaɗin a faɗi lokacin da za a dawo kan maganar. Wannan sharaɗin shi ne ya bambanta hutun da irin ficewar da nake yi a da, domin yanzu ta san zan dawo.

Wani abin da ya sauke mana nauyi shi ne jin cewa, a binciken nasa, kusan kashi 69 cikin 100 na saɓanin ma'aurata ba ya warwaruwa gaba ɗaya, saboda ya samo asali ne daga bambancin hali. Ni mai son tanadi ne, ita mai buɗaɗɗen hannu ce, kuma babu zaman da zai sauya wannan. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Abin da muka koya shi ne yadda za mu ware abin da kowa ba zai iya bari ba daga abin da za a iya sassautawa, sannan mu tsayar da lokaci guda a mako na maganar kuɗi, ba a bakin ƙofa ba, ba kuma a gaban yara ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya san su. Makonnin farko sun fi na baya zafi, domin an tono abubuwan da aka daɗe da binnewa, kuma sau da yawa sa'ar takan ƙare ana tsakiyar magana mai nauyi, sai mu koma gida da ita a buɗe. Na so a ce ana ware mintunan ƙarshe don kwantar da hankali, kuma da na faɗa mata hakan ta karɓa ta gyara. Kuɗin zaman ma yana taruwa idan aka ɗauki watanni, ga wahalar samun lokacin da ya dace da mutum biyu masu aiki. Aikin gida da take bayarwa, kamar kowa ya maimaita abin da ya ji kafin ya ba da amsa, yakan zama kamar wasan kwaikwayo da farko, kuma wanda bai daure ya yi shi ba zai ga kamar kuɗinsa yake zubarwa, domin yawancin gyaran a gida yake faruwa.

Ba kowane aure ne wannan zaman ya dace da shi ba. Inda akwai duka ko barazana, ko ɗaya yana tsoron ɗaya, zama tare yana iya jefa wanda ake cutarwa cikin ƙarin haɗari, saboda abin da ya faɗa a ɗakin shawara za a iya rama shi a gida; abin da ake buƙata a nan shi ne kariya da taimako na mutum shi kaɗai. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa take ganin kowa a keɓe tun farko, kuma ganin ta tambayi kowannenmu kai tsaye ko akwai duka ko tsoro a gidan ya ƙara mini yarda da ita. Haka kuma idan ɗaya ya riga ya yanke shawarar tafiya, ko yana ci gaba da wata alaƙa a ɓoye, da wuya a samu abin kirki.

Ga ma'auratan da har yanzu suke son juna amma maganarsu ta lalace, ina ba da shawarar su je, kuma su je da wuri kafin raini ya zauna. Su tambayi mai shawarar irin horon da ya samu a kan ma'aurata musamman, domin iya sauraron mutum ɗaya daban yake da iya riƙe mutum biyu masu fushi a ɗaki guda, su kuma lura a zaman farko ko yana karkata ga wani ɓangare. Idan ɗayansu ya fito yana jin an haɗe masa kai, su faɗa a fili, in abin bai gyaru ba su nemi wani.