Gargaɗi Ga Masu Hilux Da Sauran Akori-Kura: A Yi Hattara Da Masu Sayar Da "Fentin Kamfani" Ta Waya

Ina jan hankalin jama'ar Gombe da kewaye, musamman masu akori-kura da ke jigilar hatsi da kayan gini tsakanin Dukku, Bajoga, Kumo da cikin gari, cewa akwai wasu mutane da ke tallata kansu a Facebook da zaurukan WhatsApp a matsayin dillalan fentin mota na asali, alhali damfara ce sana'arsu. Sukan nemi mai mota ya tura hoton motarsa da lambar shasi, su karɓi kuɗin da suke kira na binciko lambar fenti, daga bisani kuma su ce a biya kuɗin fentin gaba ɗaya kafin su ɗora shi a mota daga Kano ko Legas. Wani ya biya sai wayar ta daina shiga. Wani kuma a kawo masa gwangwani a tasha, babu wata shaida a jikinsa sai lambar da aka rubuta da alƙalamin maka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, lambar da suke sayar wa mutane tana nan a jikin motarsu kyauta. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 ba ta ɗauke da launin mota a cikinta, sai dai dillalin da kamfani ya amince da shi ya duba ta a kundin kamfanin. A motocin Toyota, idan aka buɗe ƙofar direba za a ga takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar, a wasu tsofaffin Hilux kuwa ɗan faranti ne na ƙarfe a ƙarƙashin bonet. A nemi inda aka rubuta C/TR. Alamomi uku na farko da ke bin wannan rubutu su ne lambar fentin waje, abin da ya biyo bayansu kuma na kujeru ne da kayan ciki. A motocin Ford da aka shigo da su daga Amurka, irin su F-150, ana samun ta kusa da EXT PNT, kuma alamomi biyu ne kacal, misali YZ ga farin da suka fi amfani da shi.

A kan farin fenti ne aka fi cutar mutane, domin mafi yawan Hilux ɗin da ke hanyoyinmu farare ne, kuma da yawa suna ɗauka fari duk ɗaya ne. A wurin Toyota, 040 fari ne zalla, 070 kuwa fari ne mai ƙyalli wanda ake fesawa hawa uku: farin ƙasa, sai mai ƙyallin, sannan kiliya, wato fenti marar launi mai sheƙi, a rufe. Duk wanda ya turo maka gwangwani guda ya ce 070 ne cikakke, to ƙarya yake yi. A inuwar gareji ba lallai a gane ba, amma da zarar an fito da motar rana sai a ga ƙofar da aka gyara ta yi fari fat kamar alli, sauran jikin kuma yana sheƙi. Ranar da za a sayar da ita, mai saye zai ɗauka ta yi mummunan haɗari ne, ya karya mata farashi.

Ko da lambar ta yi daidai, zafin ranar Gombe da ƙurar hunturu suna dusashe launi cikin 'yan shekaru, sannan motoci da dama an taɓa sake musu fenti kafin su zo hannun masu su na yanzu. Shi ya sa ƙwararren mai haɗa fenti ba ya tsayawa kan lamba kaɗai. Yakan ce a kwance masa murfin tankin mai, ya haɗa kaɗan, ya fesa a guntun ƙarfe, ya bari ya bushe, sannan ya gwada su gefe da gefe a hasken rana. Wanda bai taɓa ganin motarka ba sai a hoton waya ba shi da hanyar yin wannan aiki.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka ɗauki hoton takardar da ke ɗauke da lambar fentin da kanka, ka tafi da mai fentinka wurin mai haɗawa, kada ka biya sai ka ga gwaji da idonka. Kada kuma ka tura wa baƙo hotunan takardun motarka, domin babu abin da ya haɗa su da fenti. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana shaidar biya da saƙonnin da suka yi musaya, ya garzaya bankinsa ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa da shi tare da lambar asusun da aka tura kuɗin.