Sharhi kan fim ɗin Les Quatre Cents Coups na François Truffaut

Wannan shi ne dogon fim na farko da François Truffaut ya shirya, yana ɗan shekara 27, kuma da shi ya lashe kyautar gwarzon darakta a bikin fina-finai na Cannes a 1959. Labarin Antoine Doinel ne, ɗan makaranta a birnin Paris da ke kwana a wani lungu na matsattsen gida, tsakanin uwar da ba ta da lokacinsa da mijinta mai barkwanci wanda ba shi ya haife shi ba.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin yadda ya ƙi ware mugu guda da za a ɗora wa laifi. Ƙananan abubuwa ne suke taruwa har su fi ƙarfin yaron. Ya yi fashin makaranta, da aka matsa masa sai ya ce mahaifiyarsa ce ta rasu. Ya ƙaunaci rubutun Balzac, shahararren marubucin Faransa, har ya haddace shi, malami ya kama shi da satar rubutu. Wurin da ya fi ciwo shi ne batun tafiretan da ya sata a ofishin mijin uwarsa, domin ba a kama shi ba sai da ya dawo da ita bayan ya kasa sayarwa, kuma mutumin da ya rene shi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda da hannunsa. Daga nan sai gidan gyaran halin yara.

Jean-Pierre Léaud, wanda ya fito a matsayin Antoine, mai shekara 14 a lokacin, shi ya ɗauki fim ɗin a kafaɗarsa, musamman a zaman da likitar halayya take yi masa tambayoyi ba tare da an nuna fuskarta ba, yana amsawa da kunya da wayo a haɗe. Hoton baƙi da fari na mai ɗaukar hoto Henri Decaë ya dace da titunan Paris na hunturu.

Sai dai kiɗan Jean Constantin yakan yi zaƙi fiye da kima a wuraren da shiru zai fi, kuma tsakiyar fim ɗin tana jan ƙafa, ko da yake duka tsawonsa minti 99 ne. Mai neman faɗa da tsere zai gundura. Ga iyaye da malamai kuwa ya cancanci kallo, kuma wanda ba ya jin Faransanci ya nemi kwafin da ke da fassara a ƙasan allo, domin da yawa daga zafin labarin yana cikin maganganun da manya ke yi a kan yaron alhali yana saurare.