Waya, Kati ko Monita: Me Za Ka Saya Idan Hoto Ya Ƙi Zama a Linux?

Ka ɗora Linux a kwamfutar tebur, sai rubutu ya kumbura, hoto ya baje, ka shiga saiti ka tarar babu zaɓin da ya wuce 1024x768. Kada ka yi saurin tafiya kasuwar Gumi ta Kaduna neman sabuwar monita. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, laifin na wayar da ke haɗa ta da kwamfuta ne, wadda ita ce mafi araha a cikin ukun: waya, katin hoto da monita.

Kowace monita tana sanar da kwamfuta girman hoton da take iya ɗauka, ta wani bayani da ake kira EDID, kuma ta cikin waya yake bi. A wayar VGA, mai shuɗin kan nan, fil na 12 da na 15 ne ke ɗauke da shi. Juyo kan wayar ka leƙa da fitilar wayar salularka. In ɗaya ya lanƙwashe ko ya karye, hoto zai fito amma saƙon bai isa ba, sai Linux ta koma ƙaramin girma. Wasu wayoyin masu araha ma ba a haɗa waɗannan fil ɗin a ciki ba tun daga kamfani.

Saboda haka fara duba bayan kwamfutar. Yawancin Dell OptiPlex da HP na hannu da ake sayarwa a shagunan titin Ahmadu Bello suna da ramin DisplayPort kusa da na VGA, mutane ba sa kula shi. In monitarka na da HDMI, sayi waya mai DisplayPort a kai ɗaya, HDMI a ɗayan. Wannan shi ne zaɓina. Ƙaramar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA kuwa, sai in babu yadda za ka yi, don wasunsu ba sa isar da EDID daidai.

Katin hoto, wato na'urar da ake sawa a cikin kwamfuta don ta aika hoto zuwa monita, shi ne inda aka fi asarar kuɗi. Mai shago zai ce, "Yallaɓai, sa NVIDIA ka huta." A Windows ƙila haka ne. Amma tsohon katin NVIDIA irin GeForce 210 yana buƙatar direba (manhajar da ke sa kati aiki) mai lamba 340, wanda kamfanin ya daina kula da shi, kuma ɗora shi a sabuwar Ubuntu, wani nau'in Linux, wahala ce. Direbobin Intel da AMD a cikin Linux ɗin suke, ba sai ka sauko da komai ba. Don aikin ofis da karatu, sashen hoto na Intel da ke jikin kwamfutar ya wadatar. In dole sai kati, ɗauki AMD, ka tabbatar ƙarfen da ake ɗaure shi da shi gajere ne idan akwatin kwamfutar siriri ne.

Monita ita ce ta ƙarshe. Nemi mai 1920x1080, kuma ka yi hattara da ɗaukar talabijin a madadinta, don da yawa masu inci 32 a 1366x768 suka tsaya, wasu har suna yanke gefen hoto.

Ana iya tilasta girma da umarnin cvt da xrandr kyauta, sai dai a X11, tsohon tsarin nuna hoto na Linux, suke aiki, kuma saitin yana gogewa in an kashe kwamfuta, sai an adana shi.

Duk abin da za ka saya, tafi da filashin da ka sa wa Linux, ka roƙi mai shago ya bari ka kunna da shi. Shiga saitin allo ka ga girman da kake so ya bayyana a jerin kafin ka biya.