Telan kayan makaranta na Tudun Wada: ɗinki ya yi, cika alƙawari sai a hankali, kuma kar ki kai masa rigar bindiga

Duk lokacin komawa makaranta sai ƙawaye sun dame ni da tambayar inda nake kai ɗinkin yunifom ɗin yarana, to bari in yi bayanin gaba ɗaya in huta. Shagon yana Tudun Wada ne nan Zariya, ba zan kama sunansa ba saboda akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba za su yi masa daɗi ba, kuma mutumin kirki ne, dattijo, wanda ya san ni ya tambaye ni sai in yi masa kwatance. A taƙaice dai ɗinkinsa ya fi na duk telolin da na gwada daga Sabon Gari har Samaru, amma fa in kina da hawan jini ki sha maganinki kafin ranar da ya ce ki zo karɓa.

Ɗinkin da kansa babu abin cewa. Shi ba ya karɓar awo ta waya ko ki ce masa ai kamar na bara ne, sai kin kawo yaron ya sa tef ya auna shi da kansa, kuma yana barin kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da ƙasan riga ta yadda in yaro ya ƙara tsawo sai a warware kawai a sauke, wanda duk uwar da ke da ɗan aji biyu ko uku na sakandare ta san amfanin wannan, yaran nan wata uku sai ki ga wando ya koma ɗangale. Wurin zama na wandon sau biyu yake bi da keke, aljihu ma haka, maɓallin riga kuwa da hannu yaransa ke ɗaurawa ba irin na kanti da wanki ɗaya ke tsinkewa ba. Yadi in kin so ki sayo naki a kasuwar Sabon Gari, in kin so ya saya miki, ni dai na fi son ya saya don ya san bambancin teteron mai kyau da wanda ke kwailewa ya koɗe, sau ɗaya na sayo nawa ya murza shi a hannu ya ce Hajiya wannan ko zangon farko ba zai gama ba, kuma hakan aka yi. Hijabin 'yan mata shi ne ma ya fi burge ni, wuyan ba ya shaƙe yarinya kuma ba ya zamewa ya bar gashi a waje, yana tambaya makarantar iya gwiwa suke so ko iya ƙugu, da bajo ko babu.

Nan ne fa muka zo kan halinsa da wasu ke jin haushi. Kafin ya sa almakashi sai ya ce ina takardar dokar makarantar? In babu takarda ki kawo tsohuwar riga ta wani ɗalibi ko hoto. Ya ce ya gaji da iyayen da za su zo su ce a matse wa yaro wando ya yi fensir, a kai shi makaranta a kore shi a bakin get, a dawo a ce tela ne ya ɓata. Don haka ko yaro ya yi ta magiya a matse, shi dai faɗin da makaranta ta ce shi zai yi. Babban ɗana ya tsane shi a kan wannan, ni kuwa abin da ya sa nake komawa kenan.

Abin da ya sa ma na zauna rubuta wannan shi ne maganar wata riga. Makarantar su babban nawa suna da ranar da ake barin yara su zo da kayan gida bayan jarabawa, shi kuwa ya tara kuɗinsa ya je layin 'yan gwanjo ya sayo wata baƙar riga mai hoton doguwar bindiga a ƙirji da rubutun Turanci a ƙasa, da wani wando mai dabbare-dabbare irin kakin soja, sun yi masa yawa, sai ya bi ni shagon wai a rage masa. Dattijon ya ɗaga rigar ya duba, ya ninke ta ya miƙo min ya ce, Hajiya ki yi haƙuri, wannan keken nawa ba ya taɓa irin waɗannan, wandon nan kuma in kina son yaron nan ki sa a murhu. Yaron ya ce Baba ai hoto ne kawai, ya ce masa ɗan nan a garin nan kake zaune ko a cikin waya? Na yi dariya amma shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce ko buga rubutu da suke yi a rigunan wasanni da na walimar sauka da na 'yan aji shida masu fita, in aka kawo zane mai bindiga ko harsashi ko ƙoƙon kai ba ya karɓa, ko nawa za a ba shi.

A wurin na ɗan ji zafi, don ni ce mai biya kuma rage riga kawai na ce a yi, amma gaskiyarsa ce. Zariya gari ne na sojoji, ga Depot inda ake horar da kuratan soja, ga barikin Basawa, ga makarantar soja ta yara NMS da ke nan tun 1954, kuma kowa ya san rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula a kan sa kaya masu kama da nasu, wanda aka kama da shi a hanya ya san sauran, tsallen kwaɗo shi ne mafi sauƙi. Bayan haka ga halin da ake ciki, a watan Yunin 2021 aka shiga Nuhu Bamalli cikin dare aka kwashe ɗalibai da malamai, a 2024 kuma aka kwashe yara sama da ɗari a makarantar Kuriga can Chikun. A irin wannan jihar ne yaro zai shiga aji da hoton bindiga a ƙirji? Akwai yaran da ke aji ɗaya da shi da iyayensu suka baro ƙauyukansu ta wajen Giwa da Birnin Gwari saboda wannan abin da ke jikin rigar.

Wasu irin waɗannan rigunan daga Amurka suke shigowa cikin dilar gwanjo, kuma can ba ado ba ne kawai, siyasa ce mai zafi. Tsarin mulkinsu tun 1791 ya ba ɗan ƙasa damar mallakar makami, akwai kuma babbar ƙungiyar masu kare wannan dama, NRA, su ma suna buga irin rigunan. To sai rigimar ta shiga makarantu. A 2013 a jihar West Virginia wani yaro ɗan shekara 14 ya je makaranta da rigar ƙungiyar mai hoton bindigar farauta, malami ya ce ya cire ko ya juya ta ciki waje, ya ƙi, abu ya kai har 'yan sanda suka tafi da shi, makaranta ta dakatar da shi, daga baya aka janye tuhumar. Kafin nan a 2003 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayan wani ɗalibi a Virginia, ta ce dokar makarantarsu da ta hana duk wani zane da ya shafi makami ta yi faɗi da yawa, don in aka bi ta a haka ko tambarin jihar ba za a iya sawa ba tunda akwai mace riƙe da mashi a jiki. Duk suna jingina ne da hukuncin Kotun Ƙolinsu na 1969, lokacin da wasu ɗalibai suka ɗaura baƙin ƙyalle a hannu don adawa da yaƙin Vietnam, kotun ta ce ɗalibi yana da 'yancin bayyana ra'ayinsa a makaranta matuƙar bai hana karatu ba. Kuma wannan ita ce ƙasar da aka kashe ƙananan yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a 2012, aka sake kashe yara 19 da malamai 2 a Uvalde a 2022. Ni dai abin yana ɗaure min kai wallahi, amma ƙasarsu ce, dokarsu ce.

Mu nan babu wannan zancen. Tsarin mulkinmu bai ba kowa damar riƙe bindiga ba, dokar makamai ta 1959 ce ke aiki, manyan bindigogi sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, hatta bindigar toka irin wadda ake bugawa a hawan sallah akwai ƙa'idarta. Ko lokacin da Matawalle yana gwamnan Zamfara ya ce a 2022 jama'a su nemi lasisi su kare kansu, ai babban hafsan tsaro na lokacin Janar Irabor fitowa ya yi ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Don haka yaron da ya sa rigar a nan ba wani 'yanci yake karewa ba, bai ma san me aka rubuta ba, nawa da na tambaye shi ma'anar rubutun sai ya hau sosa ƙeya.

Tamu rigimar ta kayan makaranta a kan hijabi take, kuma wannan kam akwai abin karewa. Shari'ar Legas ta ɗauki shekaru, babbar kotu ta goyi bayan hanawa a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2016, sai a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar ɗaliba Musulma tana da damar sa hijabinta a makarantun gwamnatin jihar. A Ilorin ma a 2021 sai da aka rufe makarantu a kan wannan. Mu a Zariya alhamdulillahi ba mu da wannan matsalar sosai, tamu ta daban ce, makarantun kuɗi ne da kowace ke ƙirƙiro launinta da ba a samu a kasuwa, sai a ce dole a ofishinsu za a saya, a ba ki yadi mai shara-shara da tsada, ko kuma dokar ba a rubuce take ba, yau malamin da ke bakin get ya ga dama ya bari gobe wani ya sa almakashi ya farke wa yaro wando a gaban 'yan uwansa. Wannan kam ban yarda da shi ba ko kaɗan, a rubuta doka a ba iyaye tun ranar rajista, yaro ya saɓa a kira uwarsa ko ubansa, amma yaga kayan da iyaye suka sha wuya suka ɗinka ba tarbiyya ba ce. Telan nan da ke neman takarda ya fi wasu shugabannin makarantun tsari.

To bari in dawo kan laifinsa don kar a ce biyana ya yi. Alƙawari. In ya ce Laraba ki sa ran Larabar sama, in kuma watan Satumba ne to sai dai addu'a, don yana karɓar aiki fiye da ƙarfin kekunansa kuma ba ya iya cewa a'a sai in rigar bindiga aka kawo masa. Wayarsa kullum tana hannun wani yaro da zai ce miki Oga ya je masallaci, ko da ƙarfe goma na safe ne. In aka ɗauke wuta aiki ya tsaya sai keken ƙafa, janaretan nasa kuwa sai ranar da ya ga dama yake tashi. Ɓangaren buga rubutu a riga ma bai kai ɗinkin ba, rigar wasannin ƙaramata lambar da ke baya ta fara ɓarewa tun ba a je ko'ina ba, da na koma ya sake bugawa kyauta ba tare da musu ba, amma dai an sha wahalar zirga-zirga da kuɗin keke napep. Yaran shagon ba sa yanke ragowar zare, sai kin zauna a gida da reza kina bi. Wurin kuma ƙunci ne, benci ɗaya ne a waje cikin rana, ba labule ba komai, 'yan mata manya ba sa sakewa wajen awo, na ce masa Malam ya kamata ka samu mace ko ɗaya ce ta riƙa auna 'yan mata, ya ce in sha Allahu, har yau dai shiru, ni yanzu da kaina nake auna 'yata da tef ɗina a gaban matarsa in ta leƙo, ko in kai tsohuwar rigarta.

Farashi ba zan rubuta ba don kafin ku karanta ya canja, yadda kuɗin yadi ke tashi kullum. Ya ɗan fi na telolin cikin kasuwa tsada, amma bai kai abin da makarantu ke karɓa a ofis ba, kuma yana karɓar rabi kafin aiki rabi bayan an gama, taransfa ko kuɗi hannu. In yara sun kai uku yana ragi ba sai kin roƙa ba. Wadda za ta kai, ta kai tun farkon dogon hutu a watan Agusta kafin cunkoso, ta tafi da takardar makaranta da yaron da kansa, ta kuma faɗa masa ranar komawa ta rage sati ɗaya a kan ta gaskiya. Rigunan wasanni kuwa ya ɗinka kawai, bugun rubutun ni dai wani wuri zan nema a unguwar PZ nan Zariya zango mai zuwa.