Sifika Biyu Masu Kyau ko Akwatuna Shida? Kafin Ka Sayi Kayan Sauti na Gida

Wanda ya shiga layin masu kayan wuta a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko ya aika Alaba ta Legas a sayo masa, abin da za a fara nuna masa shi ne hom tiyata mai akwatuna shida: ƙananan sifiku biyar da babbar wufa ɗaya, wato sifikar bes mai fitar da sauti mai kauri, ga fitilu suna walƙiya, ga lambar 3000W an dangwala a kwali. Idan kiɗan suna ko na walima kawai ake so ya cika tsakar gida, to, za ta yi. Amma mai son ya ji maganar fim tangaran, ya kuma ɗauki karatu, wa'azi, waƙa ko muryar bidiyon da zai ɗora a YouTube, kuɗinsa ba can ya kamata su tafi ba.

Matsalar irin wannan hom tiyata a cikin ƙananan sifikun take. Yawancinsu inci 2 ko 3 ne a cikin roba, ba sa iya sauka zuwa ƙasan muryar namiji, don haka sai a ɗora wa wufa aikin da ba nata ba. Shi ya sa za ka ji bes yana girgiza taga amma kana tambayar na kusa da kai abin da jarumin ya faɗa. Ga kuma batun jeri. Tsarin 5.1 na gaskiya, wato sifiku biyar da wufa ɗaya, yana so sifikun gaba su buɗe digiri 30 dama da hagu daga wurin zamanka, na baya su kai wajen digiri 110, ta tsakiya ta zauna daidai ƙasan talabijin. A gidaje nawa aka yi haka? Yawanci duk biyar ɗin ana jere su ne a kan teburin talabijin, an biya kuɗin shida ana jin aikin ɗaya.

Doguwar sifikar nan ta ƙasan talabijin, sawunba, ta fi sifikar cikin talabijin, kuma idan talabijin ɗinka tana da ramin HDMI mai rubutun ARC, waya ɗaya ta wadatar, rimot ɗaya ya isa. Nan amfaninta ya tsaya, ba a tace murya da ita. Babbar amfilifaya ta Denon ko Yamaha da sifiku daban-daban ita ce sinima ta gaske, ga mai babban falo da aljihu mai nauyi, sai dai tana shan wuta, tana zafi, kuma ba za ta ɗaukar maka ko kalma ɗaya ba.

Abin da ya fi dacewa da ɗakin yawancinmu shi ne sifikar sutudiyo guda biyu, wadda masu aikin ke kira monita, mai inci 5, kowace da amfilifayarta a ciki. A cikin su kuwa JBL 305P MkII ce kan gaba. Kowace tana ɗauke da amfilifaya biyu masu wat 41, ɗaya ta ƙaramar sifikar sama, ɗaya ta babbar, don haka babu ruwanka da lissafin ohm ko tsoron amfilifaya ta ƙona sifika. Kamfanin ya riga ya daidaita su. Tana sauka har ƙasa da 50 Hz a ma'aunin kaurin sauti, wanda ya isa ɗakin da bai wuce mita 4 da 4 ba ko babu wufa. Fuskarta an ƙera ta ne yadda sauti zai bazu, ko ka gusa gefen kujera murya ba ta ɓacewa daga tsakiya, wannan ne ma ya sa take yin kallo, ba aikin tacewa kaɗai ba. A bayanta akwai maɓallin rage bes idan dole ta jingina da bango ko ta hau tebur. Babban abin da ya sa ta dace da mu shi ne wutar da take karɓa: daga bolt 100 zuwa 240. Aibinta ɗaya sananne ne, idan ka kai kunne kusa da ita za ka ji wani siririn shuu ko babu abin da ke kunne. Ka zauna nesa da mita ɗaya, zai ragu ƙwarai.

A cikin sauran monitoci, Yamaha HS5 tana da gaskiya a tsakiyar murya, amma bes ɗinta siriri ne, kuma kowace an yi ta ne da wutar ƙasar da aka kai ta. KRK Rokit tana daɗin kunne, tana kumbura bes, sai ka tace abu ka kai mota ka ji wani abu daban. PreSonus Eris mai inci 3.5 ta teburin kwamfuta ce, kar a sa mata ran falo.

Jera su haka: tazarar da ke tsakanin sifikun biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa kanka, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi in aiki kake, ka karkato su suna kallonka, ƙaramar sifikar sama daidai tsayin kunne. Kar ka cusa su cikin kusurwar ɗaki, nan bes ke taruwa ya yi gurnani. Haɗa su da talabijin yana buƙatar ƙaramin akwati mai karɓar wayar haske ta oftika ya mayar da ita sautin da sifika ke ganewa, kuma ka nemi mai maɓallin ƙara a jiki. Sai ka shiga saitin sautin talabijin ka zaɓi PCM. In ka bar shi a Dolby, ko dai ka ji shiru ko ka ji ƙara mai tsaga kunne, kuma da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa kayan sun lalace.

Ɓangaren ɗauka kuwa katin sauti ne zuciyarsa, akwatin da makirfo ke shiga ya wuce kwamfuta ta USB, sifikun kuma su fita daga bayansa. Focusrite Scarlett 2i2 shi ne wanda ba ya ba da ciwon kai: ramin makirfo biyu, wutar bolt 48 ga makirfon da ke buƙata, kuma daga kwamfuta yake shan wuta, ko NEPA ta ɗauke aiki bai tsaya ba muddin batirin kwamfutar na nan. Zubi na huɗu da ya fito a 2023 yana ɗaga murya har dB 69 a ma'aunin ƙarfin sauti, na uku 56. Behringer UMC202HD ya fi araha kuma yana aiki. Katin V8 mai maɓallan tafi da dariya na masu fitowa kai tsaye a waya ne, a bar musu.

Makirfo kuma, kowa idonsa na kan mai kama da na gidan rediyo, irin Audio-Technica AT2020. Yana da kyau, amma kwandensa ne, irin makirfon da ke buƙatar wutar bolt 48, kunnensa ya cika kaifi. Zai ɗauko fanka, janaretan maƙwabci, hon ɗin a-daidaita-sahu, da amsa-kuwwar ɗakin siminti mai tayil. A irin ɗakunanmu makirfo mai ƙarfin hali ake so, wato dainamik, kuma Shure SM58 da ake yi tun 1966 har yau bai tsufa ba. Ba ya buƙatar bolt 48, ba ya tsoron ƙurar hunturu, yana toshe abin da ke bayansa. Ka sa bakinka yatsu uku zuwa huɗu daga kansa, ka ɗan karkace don kar iskar "f" da "b" ta buge shi, ka ɗaga ƙara har inda mafi ƙarfin muryarka ke taɓa -12 a ma'aunin manhaja, ka ɗauka a 24-bit da 48 kHz in bidiyo za a haɗa. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa murya. Makirfon BM-800 mai ruwan zinare, ado ne. Wajen rage amsa-kuwwar ɗaki kuwa, kwalin ƙwai a bango ba ya hana komai. Kafet mai kauri, labule mai nauyi da katifa a jingine bayan mai magana sun fi shi aiki nesa ba kusa ba. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin: in ka ji wutsiyar ƙara tana bin tafin, da sauran gyara.

To, duk wannan zaɓe banza ne in jabu aka miƙo maka, kuma a wannan harka jabu ya fi na asali yawa a idon mai saye. SM58 na cikin makirfon da aka fi kwaikwaya a duniya. Kwali, jakar leda, takardar garanti, duk ana buga su. Na asali nauyinsa giram 298 ne, don haka ka tafi da ƙaramin sikeli irin na masu kek, jabu yawanci yana raguwa sosai, ko da yake wasu suna cusa ƙarfe a ciki don cike gibin. Kwance shi daga tsakiya: na asali akwai ƙaramar taransifoma a liƙe cikin mariƙin, jabu sau da yawa waya ce kawai ta wuce. Sa hedifon, ka shafa mariƙin da yatsa; na asali yana danne wannan motsin, jabu sai ka ji kamar ana jan buhu a ƙasa. Ka yi magana ta bayansa, murya ta faɗi ƙwarai, in ba ta faɗi ba ajiye shi. Kuma in farashin ya kai rabin abin da amintattun dillalai ke sayarwa, ba sai ka auna komai ba.

Scarlett ma ana yin jabunsa, ja ɗin iri ɗaya. Lambar da ke ƙasan akwatin ita ce shaida: ka buɗe shafin Focusrite a wayarka kana tsaye a shagon, ka yi rajista da ita. In ta ƙi shiga, ko aka ce an riga an yi rajista da ita alhali an ce maka sabo ne, ka karɓi kuɗinka. Mai shagon da ya hana ka wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Lambar wat kuma ita ce babbar yaudara. PMPO, haruffan da ake rubutawa kusa da babbar lambar wat a kwali, ba shi da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. RMS ake dubawa, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai. In babu shi, juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ja daga bango. Abin da ke jan wat 60 ba zai ba ka 3000 ba. Ko da lambar gaskiya ce, ninka wat sau biyu dB 3 kawai yake ƙarawa, ɗan bambanci ne a kunne. Akwai kuma masu liƙa tambarin JBL ko Sony a akwatin da kamfanin bai taɓa yin irinsa ba. Rubuta lambar samfurin a shafin kamfanin, in babu ita, babu ita.

Waya ma ba ta tsira ba. Ana sayar da alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a matsayin jan ƙarfe zalla. Kankare silin ɗaya da reza, in ciki fari ne, alminiyo ne: wutar da yake wucewa da ita ba ta kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba, kuma yana karyewa a bakin maɗauri. Daga katin sauti zuwa monita, wayar XLR ko babban jak mai zobe biyu za ka saya, mai zobe ɗaya ita ke kwaso gurnani.

Kayan tokumbo, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, na Amurka su ne suka fi cin mutane. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Amfilifayar Denon ko Onkyo ko HS5 da aka yi wa kasuwar can, sakan ɗaya a soket ɗinmu ya isa ta yi hayaƙi. Karanta rubutun da ke kusa da ramin wutar da idonka, kar ka dogara da bakin filogi, don ana canza shi. In 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da na'urar ke ja. Sifikar da aka riga aka yi amfani da ita kuma ka danna takardarta a hankali da yatsu a baje. In ka ji tana gogar wani abu, nadin cikinta ya taɓa ƙonewa. Duba robar gefenta ko ta tsage ko an liƙe ta da gam, ka kuma kunna kowace ita kaɗai da muryar mutum, ba da kiɗan da mai shago ya zaɓa ba.

A gida, ka sa sitabilaiza tsakanin bango da kayan, ka haɗa kwamfuta da sifiku a soket ɗaya don guje wa gurnanin 50 Hz, ka kuma sa mai gyaran wuta ya tabbatar wayar at ta gidan, wato wadda ke kai wuta cikin ƙasa, tana aiki, don rashinta ne ke sa makirfo ya ɗan ja leɓe. Inbata in ba mai tsabtatacciyar wuta ba ce, wadda ake rubuta wa pure sine wave, za ta sa kayan kuka. Wajen kunnawa, kwamfuta da katin sauti ne farko, sifiku a ƙarshe. Wajen kashewa sifiku ne farko. Kafin a juya layi daga NEPA zuwa janareta, a kashe sifikun tukuna.