Ƙamusun Sifaniyanci na RAE a waya: abin da na gani bayan na yi amfani da shi

Duk mai koyon Sifaniyanci zai gamu da kalmar quedar da wuri, kuma sai ta ɗaure masa kai. A shagon tufafi da nake aiki a Malabo, a ƙasar Ikwatoriyal Gini, ina jin ta daga safe har yamma. Mai saye ya gwada riga ya ce "me queda bien", wato ta yi masa daidai. Wani ya leƙo ya tambaya "¿dónde queda el mercado?", yana neman inda kasuwa take. Aboki ya bugo waya ya ce "quedamos a las cinco", ma'ana mu haɗu da ƙarfe biyar. Manhajar fassarar da nake da ita a da kuwa ma'ana ɗaya take ba ni, wai saura. Gaskiya ne, "quedan dos" na nufin saura biyu, amma sauran fa?

Wani maƙwabcinmu malamin makaranta ne ya nuna mini ƙamusun Real Academia Española (RAE), hukumar da ke kula da harshen, wadda aka kafa a Madrid a 1713. Bugu na 23 ya fito a 2014, kuma shi ne aka saka a intanet kyauta, ana yi masa ƙari lokaci zuwa lokaci.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake jero ma'anoni da lamba, ya sa misali a ƙarƙashin da yawa daga cikinsu. Nan na fahimci cewa ƙananan kalmomin da ke raka aikatau su ne ke juya ma'ana. Quedarse zama ne a wuri. Quedarse con riƙe abu ne, kamar a ce wa yaro ya riƙe canji. Quedar en kuma a yi yarjejeniya a kan wani abu. Da na gane wannan sai na daina haddace kalmar ita kaɗai, na koma haddace ta tare da 'yan rakiyarta, kuma kunnena ya buɗe sosai a shago.

Akwai kuma alamomin da ke faɗin inda ake amfani da kowace ma'ana. Coger a Sifaniya da nan Ikwatoriyal Gini ɗauka ne ko kamawa, ana faɗa a gaban kowa, amma a Ajantina da Meziko batsa ce. Ƙamusun ya sa mata alamar gargaɗi. Wannan kaɗai ya isa ya raba mutum da jin kunya.

Sai dai a sani, komai a cikinsa da Sifaniyanci yake, har bayanin ma'anar. Sabon shiga zai sha wahala, don sai ya nemi kalma ya tarar da wasu biyu da bai sani ba a cikin bayaninta. Gajerun alamomi irin su intr. (aikatau ƙi-karɓau) da prnl. (aikatau mai tafiya da se, kamar quedarse) da coloq. (maganar yau da kullum) su ma sai an zauna an koye su. Ni na rubuta su a takarda na liƙa a jikin kanta.

Shawarata ga wanda ya fara haɗa jimla shi ne ya riƙe ƙamus mai harshe biyu don sauri, amma da zarar kalma ta zo masa a inda ma'anar da ya sani ba ta shiga ba, ya buɗe na RAE ya karanta jerin har ƙasa. Yanzu haka llevar da echar nake bi da wannan hanya, su ma ma'anoninsu suna da yawan gaske.