Injin wanki mai ƙofa a gaba da abin da ya yi mana a makon sauka

Wata tara ke nan da muka shigo da injin wankin nan gida, kuma tun ranar matan layinmu a nan Agege ba su bar ni na huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a waya a tambaye ni: mai ƙofa a gaba za su saya ko mai murfi a sama? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk mai so ta karanta. Kuɗi ba sai na faɗa ba, wadda ta taka kasuwar Alaba ko shagunan Ikeja a bana ta san yadda abin yake, ta kuma san mai ƙofa a gaba ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Namu mai kilo 7 ne, kuma ni na nace a kansa. Yayata da ke Idi-Araba, wadda ta shekara shida da mai murfi a sama, sai da ta ce min, "Ƙanwata, wannan injin na masu wutar da ba ta yankewa ne, ba irinmu ba." Ban ji ba. Ina da dalilina. Maigida a mayankar Oko-Oba yake sana'a, kayan da yake dawowa da su sai wanda ya gani, kitse da jini da taɓon kara. Ruwan sanyi ba ya fitar da maiƙon kitse komai yawan omon da za ki zuba. Shekara da shekaru ina dafa ruwa a tukunya in jiƙa su kafin in cuɗa, har bayan yatsuna ya yi kanta. Da mai shago ya ce wannan da kansa yake dafa ruwansa, sai dai ki zaɓi zafin, ko digiri 40 ko 60 ko 90, ai nan take ya gama da ni.

Gaskiya makonnin farko ba ni da abin cewa sai hamdala. Rigunan aikin maigida suka riƙa fitowa tas, babu wannan ƙarnin da yake maƙalewa a wuyan riga. Ruwan da yake sha kuwa bai wuce jarka biyu masu lita 25 ba a wanki guda, alhali na Yaya yakan sha ninkin haka ko fiye. Duk wadda ta taɓa tsayawa bakin ƙofa tana ciniki da mai ruwa ranar da injin jan ruwan gida ya lalace ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har na fara yi wa Yaya wa'azi a waya.

Sai ga watan Yuni.

'Yata ta fari za ta yi saukar Alƙur'ani ranar Asabar. Makarantarsu ta Islamiyya ta fitar da farin yadi iri ɗaya ga duk masu sauka, aka ɗinka mata doguwar riga da hijabi har ƙasa. Ranar Laraba suka sa kayan suka je gwaji da ɗaukar hoto, a hanyar dawowa ruwa ya tare su, wani mai Keke ya fantsama mata ruwan kwata tun daga gwiwa har ƙasa. Ta shigo tana kuka. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai muna da inji. Bayan isha'i na haɗa kayanta da fararen kaftanin babanta guda uku, na murɗa shi zuwa 60, na danna. Ina jin ruwa yana shiga, ina jin ƙarar kullewar ƙofar, ƙas. Bai fi minti ashirin yana juyawa ba iska ta taso, aka yi wata tsawa, sai muka ji fashewa daga bakin titi. Taransifomar layinmu ce ta tashi.

Na kunna fitilar waya na je na ja ƙofar. Ko motsi. Na ce bari in ba shi minti biyar, tunda mai shago ya taɓa cewa yakan ɗan jinkirta kafin ya saki. Minti biyar, rabin awa, awa guda, shiru. Na haska ta cikin gilashin, ga kayan nan kwance cikin ruwan kumfa, ina ganinsu ba ni da ikon taɓa su. A nan ne idona ya faɗa kan wani abu ja a maƙale cikin hannun kaftani. Ɗan ƙaramin ɗankwalin ƙanwarta ne, sabo, ko sau ɗaya ba a taɓa wanke shi ba. Gabana ya yanke ya faɗi, domin na san irin yadin, zuba yake yi ko a ruwan sanyi, balle ruwan da ya fara zafi.

Maigida ya ce, "Uwargida, kar ki damu, bari in tayar da janareta." Namu ƙaramin nan ne da kowa ya sani, wanda bai kai wat 1000 ba, na fanka da fitila da cajin waya. Ya tayar, injin ya kawo haske, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ya yi juyi biyu ko uku, yana kunna hitarsa sai janareta ya yi wani gurnani ya mutu. Muka sake, ya sake mutuwa. A karo na uku maigida ya ce a bari haka, kar mu ƙona injin mu ƙona janareta. Sai daga baya na san cewa hitar irin waɗannan injina ita kaɗai tana jan kusan wat 2000. Babu wanda ya faɗa min haka ranar da ake karɓar kuɗinmu.

Alhamis da sassafe na kira shagon da muka saya. Wanda a da yake ta "Hajiya, Hajiya" yana kawo min kujera, yanzu sai na kira sau huɗu kafin ya ɗaga. Ya ce in jira wuta ta dawo. Na ce masa taransifoma ce ta ƙone, kowa ya san ba aikin yini ɗaya ba ne. Ya ce to injiniyansu sai Litinin, kuma in na bari wani ya taɓa injin garanti ya tashi. Na ce, "Malam, saukar yarinya jibi ne, kayanta na ciki." Ya ce ba abin da zai iya yi. Wallahi har yau in na tuna muryarsa raina ɓaci yake yi. Na nemi ɗan littafin da yake zuwa da injin, ashe yaran da suka kawo shi sun tafi da shi cikin kwali.

Haka muka yini Alhamis, muka kwana. Yarinya ta kasa cin abinci, bini-bini ta je ta durƙusa gaban gilashin ta leƙa. Ni kuma ina kallon ruwan yana sauya launi a hankali, daga fari zuwa ruwan hoda. Na yi tunanin in sa taɓarya in fasa gilashin, maigida ya hana ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya dawo da wani yaro Bazazzagi mai gyaran firji da injin wanki. Yaron nan ko jakar kayan aikinsa bai buɗe ba. Ya tsuguna, ya sa ƙarshen cokali ya ɓalle wata 'yar ƙaramar ƙofa a can ƙasan injin ta hannun dama, wadda ni duk zamana na ɗauka ado ce. A ciki akwai ɗan gajeren baƙin tiyo mai toshe a baki. Ya ce in kawo faranti mai faɗi. Ya cire toshen, ruwa ya riƙa tsiyaya, in ya cika mu juye a bokiti, har ya ƙare. Sannan ya laluba gefe ya jawo wata 'yar igiyar roba, sai ji muka yi ƙas, ƙofa ta buɗe. Duka-duka bai kai minti goma ba. Kwana biyu muna cikin tashin hankali a kan aikin minti goma.

Ya ce, "Hajiya, ai ko da ƙaramin janaretan nan da kun fita. Da kun kashe shirin wankin kun murɗa shi wajen zubar da ruwa kawai, famfon da ke fitar da ruwan bai kai fanka cin wuta ba. Hitar ce ta kashe muku janareta." Ya kuma yi min bayani cewa makullin ƙofar iri-iri ne. Akwai wanda in wuta ta ɗauke yakan saki da kansa bayan kamar minti biyu, akwai wanda ba ya saki sai wuta ta dawo ko an ja igiyar nan, kuma ba kowane inji ne yake da igiyar ba. Wannan ita ce tambayar da ya kamata in yi a shago, ban san da ita ba.

Warin da ya fito daga cikin injin ba zan iya kwatanta shi ba. Kaftani uku sun yi dabbare-dabbare. Rigar sauka da hijabin sun rine, ba ko'ina daidai ba, wani wuri ja-ja wani wuri fari. Na jiƙa a bilic, na ɗauraye, na sake jiƙawa, launin ya ragu amma bai fita ba. Da magariba muka shiga kasuwar Agege neman yadin, ba mu sami irinsa sak ba sai mai kama da shi. Telan layinmu, Allah ya saka masa da alheri, ya kwana yana ɗinki da keken ƙafa a hasken fitila. Ranar Asabar 'yata ta tsaya cikin sahun ƙawayenta ta yi karatunta babu gargada, amma farinta daban da na kowa, kuma duk hoton da aka ɗauka ya nuna. Ita ta daina maganar. Ni ce ban daina ba.

A makon nan na rantse sai an sayar da injin. Na kira Yaya na ce ta yi gaskiya. Nata in aka ɗauke wuta murfi kawai take ɗagawa ta kwashe kayanta ta ƙarasa a baho. In ta manta safa ɗaya ta jefa ana tsakiyar wanki. In famfo ba ƙarfi ta ɗauko bokiti ta zuba masa ruwa ta sama. Ba ta durƙuso, ga ta da ciwon gwiwa. Da nata ne a gidana daren Larabar nan, da na zare ɗankwalin nan tun kafin ya yi ɓarna.

To amma ban sayar ba, kuma damina ce ta hana. Kun san Legas a Yuni da Yuli, sai a kwana uku ba a ga rana ba, ki shanya kaya su yini su kwana a igiya suna tsami. Injin nan yana matsa da gudun juyi 1200 a minti, kaya suna fitowa kamar an sha iska da su. Yunifom ɗin yara in na wanke da daddare na rataye a ɗaki ƙarƙashin fanka, da asuba sai guga. Na Yaya ba ya matsewa haka, tawul ɗinta sai ya kwana biyu bai bushe ba, ga shi yana nannaɗe mata dogayen hijabai kamar igiya har bakinsu ya saki. Atamfofina da leshi kuwa ban ga inda namu ya ci musu zare ba, domin ɗaga kaya yake yi ya sako, ba murɗa su yake ba. A nan dole in ba shi haƙƙinsa.

Sai dai duk lokacin da zuciyata ta fara sauka, sai wani abu ya taso. Robar bakin ƙofar tana tara ruwa a cikin ninkinta, kuma da irin laimar garin nan cikin wata biyu ta yi baƙin fumfuna. Yanzu kullum na gama sai na sa tsumma na goge, na bar ƙofar a buɗe, ina kuma tsaron ɗan autana mai rarrafe kar ya cusa kai. Tankin gidanmu ba shi da tsayi, ruwa ba ya zuwa da ƙarfi, injin ya riƙa tsayawa yana ƙara yana nuna wasu haruffa, sai da muka sayi ɗan ƙaramin famfo mai ƙara wa ruwa ƙarfi, wani kuɗin daban. 'Yar rariyar da ke bakin tiyon shigar ruwa tana toshewa da yashin burtsatse, duk wata sai an kwance an wanke. Omon da na saba saye na ƙulli-ƙulli ba ya yi masa, kumfa take yawa har ta hana shi ɗauraya, dole sai mai ƙarancin kumfa. Ko ɗaya cikin waɗannan mai shagon nan bai ambata ba, shi dai a ƙirga masa kuɗi.

Ga kuma lokaci. Cikakken wankin auduga yana haura awa biyu. Awa biyu a jere ba tare da an ɗauke wuta ba, a unguwarmu, sai an dace. Tun da aka mayar da yunit ɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka ce sun fi samun wuta, naira 225 a watan Afrilun 2024, ko da yake an ɗan rage daga baya, kowa ya koma kallon mita, kuma na lura wanki ɗaya a 60 yana cinye kusan yunit guda, na ruwan sanyi kuwa ɗan kaɗan ne. Don haka ruwan zafin da na sayi injin dominsa yanzu kayan mayanka kaɗai nake yi wa, sau biyu a mako, da rana, bayan na leƙa sama na ga babu hadari. Sauran kaya duk gajeren shiri na rabin awa da ruwan sanyi.

Maƙwabciyata da ta tambaye ni makon jiya na ce mata, in gidanku babu babban janareta ko sola mai ƙarfi, kuma ba kayan maiƙo kike fama da su ba, ki sayi mai murfi a sama ki huta. In kuma ranki ya biya mai ƙofa a gaba, kar ki biya ko sisi sai an buɗe miki 'yar ƙofar nan ta ƙasa a cikin shagon, an nuna miki tiyon da igiyar, kin ja da hannunki. Ki karɓi littafin ki sa a jakarki kafin a ɗora kwalin a mota.

Maigida ya sake tambayata shekaranjiya ko har yanzu ina son a sayar. Na ce a bari ruwan Satumba da Oktoba ya wuce tukuna. Rigar saukar tana nan a ƙasan akwatina, na kasa bayarwa, na kuma kasa barin ƙanwarta ta sa.